Abin da Shafinku Ya Rubuta a Kan Ungozomar Maamobi

Zuwa ga masu kula da sashen Hausa na babban kundin ilimi na intanet, wanda kowa ke da damar rubutu a cikinsa, da sauran masu gyara na sa-kai da ke aiki tare da su.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da iyalanku, a duk ƙasar da wannan takarda ta same ku. Sunana Salamatu Mumuni, malamar firamare mai ritaya. A Maamobi aka haife ni, cikin birnin Accra, a nan na yi aure, a nan nake zaune har yau. Ni ce 'ya ta uku a wurin marigayiya Hajiya Adiza, ungozomar da kuke da shafi mai ɗauke da sunanta da hotonta. Na fara da wannan ne don kada a ce na ɓoye wani abu. 'Yarta ce ni, ina ƙaunarta, kuma duk abin da zan faɗa ku auna shi da sanin haka.

Ba raina aikinku nake yi ba. A shekarun ƙarshe na koyarwata na sha buɗe kundinku in duba sunan kogi ko tarihin wata ƙasa kafin in shiga aji, kuma na san ba don albashi kuke yi ba. Abin da ya fito da ni fili shi ne na bi hanyar da kuka shimfiɗa wa masu ƙorafi, ba ta ɓulle ba.

Na lura yawancinku a Kano ko Kaduna ko Yamai kuke, don haka bari in gaya muku wace ce wannan mata. Innarmu ta zo Accra daga arewacin Ghana tare da mahaifinmu, wanda tela ne, tun akwai ciyawa tsakanin gidajen Maamobi. A hannun gwaggonta ta koyi ungozomanci, ta yi shi sama da shekara hamsin. Ba ta yi boko ba, amma tana iya yi wa mai naƙuda faɗa da Hausa, da Dagbanci, da Twi, da Ga, duk wanda ya fi shiga kunnen matar. Tana da daro guda da ba a taɓa shi don komai sai haihuwa, da sabuwar reza a ƙulle a bakin zane. Ba ta sa abinci a baki sai mabiyiya ta faɗo. 'Yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa, waɗanda muke kira kayayo, in naƙuda ta kama ɗayarsu ba ta da kowa, ɗakin Innarmu ake kawo ta, mu 'ya'ya mu kwashi tabarminmu mu koma baranda.

Shekara uku ke nan da rasuwarta. Kafin addu'ar arba'in na zaga gida-gida wurin tsofaffin matan unguwa, na tattara abin da suka tuna, na haɗa da nawa, na rubuta ɗan littafi na kai wani gidan ɗab'i kusa da Kokomlemle aka buga. Wasu sun yi guna-guni, wai al'adar maƙwabtanmu Kirista ce buga littafin mamaci. Na ce to, al'ada ce mai kyau, na ara. Aka raba shi kyauta ga duk wanda ya zo addu'a. Sunana yana jikin bangon.

A bara ƙungiyar matan unguwarmu ta gama ginin wani ɗaki inda masu ciki za su riƙa zama ana yi musu awo, aka yanke shawarar sa masa sunan Innarmu. Har an rubuta allon. Ana saura mako biyu buɗewa, shugabarmu Hajiya Memuna ta kira ni gefe bayan taro, ta miƙo mini wayarta. Wata jami'ar lafiya da aka gayyata ce ta nemi sunan a intanet don ta shirya jawabinta, ta ci karo da shafinku, ta aiko tana tambaya ko mun san abin da aka rubuta. A tsaye na karanta shi. Aka buɗe ɗakin babu suna, allon yana jingine a sito, fuskarsa na kallon bango.

Ga ƙorafina, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, rubutun. Shafin yana da sakin layi goma sha ɗaya. Tara daga ciki nawa ne, kalma da kalma, daga littafin addu'a, kuma ba a ambaci sunana ko sunan littafin a ko'ina ba. Ba zargi nake yi a kan iska ba, ga shaida biyu. A littafin na rubuta cewa Innarmu ta je Makka a jirgin ruwa. Kuskurena ne, a jirgin sama ta je, yayana ya gyara mini bayan an riga an buga. Wannan kuskuren yana nan zaune daram a shafinku. Sannan wanda ya kwafa ya bi ya canza duk inda na ce “Innarmu” ya mai da shi “Hajiya Adiza”, amma ya tsallake wuri guda. Ku duba sakin layi na shida, za ku ga kundin ilimi na duniya yana cewa “Innarmu ba ta cin abinci sai mabiyiya ta faɗo.” Ban san lokacin da ta haifi kundinku ba. Na yi shekaru ina riƙe jan biro, na san yadda aikin da aka kwafa yake kama. Kyauta na raba littafin, gaskiya ne, amma wanda ya ba ka tuwo kyauta bai ce ka fita kana shelar kai ka tuƙa ba.

Na biyu, hoton. Wannan hoton da take sanye da farin mayafi, haƙorin Makka yana ƙyalli, yayana Alhaji Fuseini ne ya ɗauke shi ranar da ta dawo daga aikin hajji. A lokacin yana da shagon ɗaukar hoto a Nima, kuma fim ɗin yana nan cikin akwatinsa. A ƙarƙashin hoton a shafinku an rubuta cewa aikin wanda ya ɗora shi ne, ya kuma yafe wa duniya duka ta yi yadda ta ga dama da shi. Mutum ba ya yafe abin da ba nasa ba. Daga bangon littafina aka ɗauke shi da waya, har inuwar yatsa tana nan a kusurwar ƙasa. Kuma yanzu na san tabbas hoton ya girmi wanda ya ce shi ya ɗauka. Alhaji Fuseini ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da na karanta masa abin da aka rubuta, sai ya ce da an zo an tambaye shi da ya bayar da hannu biyu, har ma ya ƙara da wani wanda ya fi wannan kyau. Abin da ya dame shi kawai shi ne a ce aikin hannunsa na wani ne alhali yana raye.

Na uku, kuma shi ne babba: sakin layi biyun da ba nawa ba. An sa su ƙarƙashin kanu mai cewa “Cece-kuce”. A ciki an faɗi abu uku: wai mata da dama sun mutu a hannunta, wai 'yan sanda sun taɓa kama ta, wai hukuma ta hana ta karɓar haihuwa. Ba a taɓa kama Innarmu ba. Ba a taɓa hana ta aiki ba. Ta ci gaba da karɓar haihuwa har sai da gwiwoyinta suka gaza, kuma nas-nas ɗin da ke zagayen unguwa su da kansu suke zuwa ɗakinta su sha koko su tambaye ta wace ce ta kusa. Maganar mata da dama kuwa, zan zo kanta, domin akwai gaskiya ƙwaya ɗaya a ciki kuma ba zan tsallake ta ba.

Madogarar da aka kafa wa waɗannan maganganu wani shafin labarai ne na intanet. Na buɗe shi, na kuma buɗe tarihin gyare-gyaren shafinku, na jera su. Naku ya riga nasu fitowa da watanni. Kalmominsu naku ne, har da jirgin ruwan. Wato su suka kwafa daga wurinku, sannan aka dawo aka liƙa su a matsayin hujjarku. Kamar mutum ne ya ba da shaida gaban alƙali, ya fita waje ya sake riga, ya dawo ya ce shi ne shaida na biyu. Wannan ba ya buƙatar sanin Maamobi. Duk wanda ya buɗe shafukan biyu daga inda yake zaune zai gani.

Na huɗu, abin da ya same ni da na yi ƙoƙarin gyarawa. Na yi rajista da sunana na gaskiya. A shafin tattaunawa na rubuta cewa ni 'yarta ce, na bayyana abin da na bayyana muku a sama, na cire sakin layin biyu. Kafin in gama girki an mayar da su. Na sake cirewa, aka sake mayarwa. A karo na uku aka toshe ni na mako biyu. Saƙon da aka aiko mini yana da ladabi, ba zan ce ba shi da shi ba. An ce dangin mai tarihi bai kamata su gyara shafinsa da kansu ba, domin zuciya tana karkata. Na yarda da wannan doka. Ko a makaranta ba a ba malami takardar jarrabawar ɗansa ya duba.

Amma da na tambayi yadda zan yi, sai aka ce in kawo jarida ko littafin da wani kamfani sananne ya buga. Na ce ga littafina. Aka ce ba ya cikin abin da ake dogara da shi, tun da iyali ne suka buga wa kansu. To, ranku ya daɗe, ku taimake ni da fahimta. Littafin da bai isa ya zama shaida ba, ta yaya ya isa a kwashe sakin layi tara daga cikinsa? Jarida kuwa, wace jarida ce ta taɓa aiko wakili lungunmu don wata tsohuwa mai daro da reza? Tarihin irin su Innarmu a bakin mutane yake. In dokarku ba ta karɓar baki, to ta ƙi karɓarsa daga kowa, ba wai ta ƙi nawa ta karɓi na wani don ya biyo ta wani shafin labarai ba.

Na biyar. Wannan ba ƙorafi ba ne a kanku, a kaina ne, kuma ya zama dole in faɗe shi.

Kusan shekara arba'in da suka wuce, wata ranar Juma'a da damina, aka kira Innarmu wani gida lungu biyu daga namu. Wata matashiya ce mai suna Zenabu, haihuwarta ta fari, mijinta direban babbar mota ne yana kan hanya. Ina hutun makaranta, ina goyon ɗana na biyu, na bi ta don in kama mata. Kafin azahar yaro ya faɗo lafiyayye. Sai jini ya ɓalle. Innarmu ta yi abin da ta sani: ta murza cikin, ta ɗaga ƙafafun, ta ba ta abin da aka saba bayarwa. Ta ce zai tsaya, ta ga irinsa. Tun daga kiran sallar Juma'a na farko har liman ya hau mumbari tana kan haka, wajen awa guda. Sannan na ga fuskarta ta canza, ta ce a nemo mota.

Maza duk suna masallaci. Matar wan mijin ta ce ba za ta iya barin a fita da ita ba sai an samu izini. Innarmu ba ta ko kalle ta ba. Ruwa ya cika kwata ya malalo cikin lungu, tasi ba zai iya shigowa ba. Muka ɗora Zenabu a kan ƙyauren ɗaki da aka cire, mu huɗu, ni da Innarmu da wata maƙwabciya Maame Esi da yayar Zenabu, muka ratsa ruwan har bakin titi. Mun samu tasi. Kanta yana kan cinyata. Ba mu kai ƙofar asibiti ba ta cika.

Babu ɗan sandan da ya zo. Babu wanda ya kai ƙara. Amma Innarmu ba ta yafe wa kanta wannan awar ba har ta koma ga Allah. Ta kan ce sanin da ta yi ne ya rufe mata ido, ta ɗauka jinin irin wanda ta saba ne. Bayan haka, da aka kira ungozomomi horo, ita ce ta fara zuwa, da girmanta, ta zauna kan benci gaban nas sa'ar 'yarta. Ba ta ƙara riƙe mace mai zubar jini ko na ɗan lokaci ba. Duk damina tana sadaka da sunan Zenabu. Ita ce mace ɗaya da na sani ta rasu a hannunta. Ban ce na san kowace haihuwa ta shekara hamsin ba, babu wanda ya rubuta su, amma na tambayi tsofaffin unguwa, ba wadda ta kawo mini suna na biyu.

Duk wannan na san shi lokacin da nake rubuta littafin. Na kai wurin, na ajiye biro, na tsallake. Na ce wa kaina ranar addu'a ba ranar tone-tone ba ce. Don haka in aka ce rubutuna ya karkata, an faɗi gaskiya.

Ina cikin toshewar nan sai ga Anti Ayishetu a gidana, yayar Zenabu, wadda muka ɗauki ƙyauren tare. Tun bayan rasuwar ta koma Sabon Zongo da jaririn, ita ta raine shi. Ta ji labarin allon da aka jingine. Ta daɗe tana gaisuwa, tana komawa kan gaisuwar, kafin ta ce wanda ya yi rubutun nan a shafinku ɗanta ne, wato ɗan Zenabu. Ta ce ya zo addu'ar arba'in, ya karɓi littafin, ya karanta shi daga bango zuwa bango yana neman sunan uwarsa, bai gani ba.

Na shirya da safe na hau trotro, motar hayarmu ta cikin gari, zuwa Abossey Okai, inda yake sayar da kayan mota. Ba zan faɗi sunansa ba. Na same shi magidanci, har da furfura a gemu. Ya gane ni. Ya gaishe ni da ladabi, ya share kujera tsakanin fitilun mota da tarin birki, ya aika aka kawo mini ruwa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban ɗaga murya ba. Maganar hoto da ta rubutu bai yi gardama ba. Ya ce ya ɗauka abin da aka raba kyauta na kowa ne, kuma wurin ɗora hoton an tambaye shi ko nasa ne, ya ga shi ya ɗauka da wayarsa sai ya ce e. Maganar 'yan sanda da hanawa kuwa, ya ce tun yana yaro haka yake ji a bakin wan babansa, bai taɓa tunanin a tambaya ba.

Sannan ya ce, da Hausarmu ta Zango: “Anti, mamanki ya karɓi haifuwan rabin Maamobi, kin rubuta duka. Mamana fa? Shi ba mutum ba ne?”

Na ce masa na yi kuskure. Na ba shi labarin ranar kamar yadda na ba ku, har da awar. Ya saurara yana juya wani ƙaramin ƙarfe a hannu. Da na gama ya tambaye ni ko ta gan shi kafin ta tafi. Ashe shekara arba'in ba wanda ya gaya masa; Anti Ayishetu ba ta iya buɗe bakinta a kan ranar. Na ce ta gan shi, ta riƙe shi, ta yi dariya ta ce kunnuwan babanta ya ɗebo. Na ce kuma a cikin tasi, magana ta ƙarshe da na ji a bakinta ita ce tambayar ko an lulluɓe yaron, ana ruwa.

Wani makanike ya shigo neman fitila, ya ce masa ya dawo anjima.

Kada ku ɗauka mun tashi mun daidaita a kan komai. Ya ce zai janye maganar 'yan sanda in an ba shi dama, amma har yanzu a wurinsa wannan awar ce ta kashe uwarsa, kuma ba zai yarda a goge ba. Ban yi masa musu ba. Ba zan iya rantsewa cewa da an fita da wuri ba za ta rayu ba, shi ma ba zai iya rantsewa za ta rayu ba. Na nemi izininsa in faɗi alaƙarsa da maganar a wannan wasiƙa, ya ce in faɗa, in dai ban sa sunansa ba.

Yanzu ku duba inda dokarku ta tsaya. Mutum biyu ne suka yi ja-in-ja a kan shafin nan: 'yar ungozomar, da ɗan matar da ta rasu. Ba ɗayanmu da zai iya tsayawa a tsakiya. Ni na faɗi ko wace ce ni, aka toshe ni. Shi bai faɗa ba, aka ɗauke shi mai gyara marar ɓangare, aka riƙa mayar da rubutunsa duk lokacin da na taɓa. Dokar da ke kama wanda ya bayyana kansa kaɗai, ta bar wanda ya yi shiru, tana koya wa mutane ɓoyewa ne. Da na yi rajista da sunan aro, da wataƙila yau shafin yana faɗin abin da nake so, kuma da shi ma bai zama gaskiya cikakkiya ba.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa kamar haka.

Ku cire maganar kamu, da ta hanawa, da ta mata da dama, tare da madogarar da ta fito daga cikin shafinku. Wannan ba ya jiran wani bincike, kwanan watan da ke hannunku ya isa.

Ku gyara sunan mai hoton. Alhaji Fuseini a shirye yake ya sa hannu a kan duk takardar izinin da kuke amfani da ita. Rubutuna ma haka: ko dai a cire wani ya sake rubutawa da kalmominsa, ko in ba da izini a rubuce a ambaci inda aka samo. Ba diyya nake nema ba. In an bar shi, a sauke Innarmu daga jirgin ruwa.

Ku nemi wani daga cikin masu gyaranku na nan Ghana, wanda ba dangina ba, ba dangin Zenabu ba, ya zo Maamobi. Cikin mu huɗu da muka ɗauki ƙyauren, uku muna raye. Maame Esi tana nan, hankalinta garau, ba ta da dangantaka da kowa a cikinmu. In kun ce maganar baki ba ta shiga kundinku, na ji, amma ku bar wurin fayau, ya fi a cika shi da abin da yaro ya ji a bakin wan babansa.

Ku hana mu duka biyun taɓa shafin, ni da shi. Amma kada ku kore shi daga kundin. Na duba sauran abin da ya rubuta, a kan masallatan Zango da tsofaffin ƙungiyoyin ƙwallo, aiki ne mai kyau, kuma ba mu da masu yi mana irinsa da yawa.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda da kuka tambaye ni wata shida da suka wuce da na ƙi. Idan an zo sake rubuta shafin, kada a mayar da shi littafina. A rubuta cewa wata mata mai suna Zenabu ta rasu bayan haihuwa a ranar da Hajiya Adiza ta karɓe ta. A rubuta cewa ungozomar ta jinkirta wajen awa guda kafin ta nemi mota, domin ita da bakinta ta faɗa. A rubuta cewa ita ce ta ɗauke ta cikin ruwa ba tare da jiran izinin kowa ba, da abin da ta canza a aikinta daga ranar. A tsaya nan, a bar mai karatu ya yi hukuncinsa. Ni na kasa rubuta wannan, shi ma ya kasa. Ku da ba ku san mu ba, za ku iya.

Allah Ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi wa harshenmu, Ya ba ku haƙuri da masu ƙorafi irina, Ya tsare alƙalumanku daga zaluntar wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Allah Ya jiƙan iyayenku da suka rigaye mu. Ya jiƙan Hajiya Adiza, Ya jiƙan Zenabu, Ya yafe mana abin da muka faɗa ba daidai ba da abin da muka yi shiru a kansa.

Wassalam.

Taku,
Salamatu Mumuni,
Maamobi, Accra.